Idan Ƙwai Ya Maƙale wa Macijiya: Jagora ga Mai Kiwo

Macijiyar da ƙwai ya maƙale wa ba ta kuka, ba ta nishi, fuskarta ma ba ta sauyawa. Tana iya yin kwanaki tana zaro harshe, tana zagaya akwatinta kamar lafiya lau, alhali ƙwan da ya tsaya a cikinta yana ƙara tauri yana mannewa da jikin mahaifa. Ranar da za ta nuna maka ta galabaita, sau da yawa hanyoyin sauƙi sun riga sun toshe, sai dai tiyata. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan maganar lokaci ce: ka san ranar da ya kamata ta saka, ka gane da wuri cewa ta tsaya, ka gyara abin da ke hannunka, ka isa wurin likitan dabbobi kafin kwana biyu su cika. Abu guda kuma nake roƙonka tun yanzu, kada ka matsa cikinta da hannu.

Da macizai biyu zan fi ba da misali. Ta farko ita ce mesa mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius. 'Yar yankinmu ce na Afirka ta Yamma, daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai, kuma yanzu tana cikin macizan da aka fi kiwo a gida a duniya. Na biyu macijin masara, Pantherophis guttatus, na kudu maso gabashin Amurka. Dukansu ba su da dafi. Wanda ke riƙe da gamsheƙa ko kububuwa ko kasa, wannan jagora ba tasa ba ce, domin babu mataki ɗaya a ciki da za a yi wa maciji mai dafi da hannu tsirara.

Mataki na farko: ka san lissafin kwanakinta

Ba za ka san ta makara ba sai ka san lokacin da ya dace ta saka. Yawancin masu kiwo a nan suke tafka asara, ko su tayar da hankali tun lokaci bai yi ba, su dame ta da taɓe-taɓe, ko kuma su yi sakaci har mako biyu su wuce ba su lura ba.

A jikin mesa mai dunƙulewa, alama ta farko da ake riƙewa ita ce ranar da ƙwayayen suka gangaro daga ma'ajiyarsu zuwa bututun mahaifa. Za ka ga tsakiyar jikinta ya kumbura sosai kamar ta haɗiye babban abinci, kumburin ya yi kamar yini guda sannan ya sace. Bayan kamar mako uku sai ta yi saɓa. Wannan saɓar ita ce agogonka. Daga ranar da ta tuɓe fatar, ka ƙirga kwana 30, ko da ɗan ƙari ko ɗan ragi, sai ta saka. Yawanci ƙwai 3 zuwa 11 take yi, an fi ganin shida ko kusa da haka. A waɗannan makonni takan daina cin abinci, ta riƙa neman wuri mai ɗumi, wani lokaci ka tarar da ita ta kwanta rigingine cikinta a sama. Duk wannan al'adarta ce, ba ciwo ba ne.

Macijiyar masara ta fi sauri. Bayan saɓar kafin saka, kwana 10 zuwa 14 ne, kuma ƙwanta sun fi yawa, daga 10 har 30 idan babba ce.

Ka tanadi littafi ko ka rubuta a waya: ranar barbara idan ka gani, ranar kumburi, ranar saɓa, ranar da ta ci abinci na ƙarshe, da nauyinta a sikeli. Wannan rubutun shi likita zai fara tambaya.

Kada kuma ka ce ai tawa ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, don haka babu ruwana. Macijiya tana iya yin ƙwai marasa ɗa ba tare da namiji ba, kuma irin waɗannan ƙwai sukan zo da siffa marar kyau, ga tauri ga danƙo, sukan kuma maƙale. Tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta na tsawon watanni. A 2020, a gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka, wata mesa mai dunƙulewa da ta kai kimanin shekara 62 ta saka ƙwai bakwai, alhali ta haura shekara 15 ba a haɗa ta da namiji ba. Duk macen da ta balaga, ka ɗauka tana iya ɗaukar ƙwai.

Mataki na biyu: ka tabbatar maƙalewa ce

Yadda abin ya fi zuwa shi ne ta fara sakawa, ta fitar da wasu, sannan ta tsaya. Lafiyayyiyar macijiya takan gama sakawa cikin 'yan sa'o'i, galibi da dare, da ɗan hutu tsakanin ƙwai da ƙwai. Idan ta gama, jikinta yakan zube, fata ta yi naɗi a gefe da gefe, kana gani ka san ta sauke kaya. Idan kuwa ta bar ƙwan da ta saka ta kama yawo, ga kuma kumburi ɗaya ko biyu a kashi na uku na ƙarshen jikinta, daga sama da dubura, to akwai saura.

Ga yadda za ka duba ba tare da ka cutar da ita ba. Ka wanke hannu, ka ɗaga ta a hankali, ka bar ta ta ratsa ta tsakanin yatsunka da kanta, yatsunka na shafar cikinta kawai, babu dannawa. Ƙwai zai wuce kan yatsa kamar dunƙule mai siffa, ka ƙirga nawa ne, ka lura da nisansu daga dubura. Ka ɗauki hoto, ka rubuta lokaci. Sau ɗaya ya isa. Kashi da ya taru ko dunƙulen farin fitsarinta da ya bushe na iya kama da ƙwai, wannan ma wani dalili ne na barin hukuncin ƙarshe ga mai na'ura.

Hanya ta biyu ita ce ba ta fara ba sam. Kwanakin sun cika sun wuce, tana ta kai da kawo, tana tura hanci a kowane lungu, ta shiga akwatin saka ta fito. Wannan macijiya sau da yawa wurin saka ne bai yi mata ba, kuma ita ce ta fi amsa gyaran da zan kawo a mataki na uku. Wucewar kwana kaɗan a kan lissafi ba abin tashin hankali ba ne matuƙar tana da ƙarfi, domin sanyin wuri na jinkirta saka. Amma idan mesa ta haura kwana 40 bayan saɓa, ko macijiyar masara ta kai mako uku, ni dai ba zan ƙara jira ba.

Akwai alamun da idan ka ga ko da guda ɗaya, ka tsallake duk wani gyaran gida ka nufi asibiti a ranar. Yunƙuri akai-akai, wutsiya na ɗagawa, amma babu abin da ke fitowa. Jini ko ruwa mai wari daga dubura. Jan nama ya leƙo waje. Numfashi baki buɗe. Jiki ya saki, idan ka ɗaga ta ba ta riƙe hannunka, ko ka kifar da ita ta kasa juyowa. Kumburin ya yi tauri ko fatar wurin ta sauya launi.

Kana buƙatar fahimtar abu guda kafin ka ci gaba, domin a kansa magani ya rataya. Maƙalewa iri biyu ce. Akwai wadda hanya ce ta toshe: ƙwai ya yi girma fiye da kima, ko ya zo a karkace, ko biyu sun manne, ko bututun mahaifa ya murɗe ko ya tsuke saboda tsohon tabo, ko ƙashin bayanta na da lanƙwasa. Akwai kuma wadda hanya a buɗe take amma macijiyar ce ta kasa ko ta ƙi: babu wurin saka mai kyau, sanyi, ƙishirwa, ƙiba, raunin tsoka, ƙarancin sinadarin kalsiyam, ciwo, ko yawan damu. Iri na biyu gyaran muhalli da allura na iya warware shi. Iri na farko duk abin da zai ƙara mata yunƙuri fasa mahaifa zai yi. Kuma da ido ko da yatsa ba a bambance su.

Mataki na uku: gyaran da ke hannunka a yinin farko

Wannan matakin na macijiyar da har yanzu take da kuzari ne, babu ko ɗaya daga alamun haɗarin da na lissafa.

Fara da akwatin saka. A daji, mesa mai dunƙulewa a ramin ɓera ko gafiya take sakawa, ko a tsohon suri, wuri mai duhu, matsattse, mai ɗumi da laima. Abin da za ka kwaikwaya ke nan. Ka samu roba mai murfi wadda haske ba ya ratsa ta, girmanta daidai yadda idan ta naɗe jikinta zai taɓa gefe-gefe. Ka huda ƙofa ɗaya a gefe ko a murfi, ka goge bakin kada ya yanke ta. A ciki ka zuba gansakukar da ake sayarwa don kiwon irin waɗannan dabbobi, ko zaren ɓawon kwakwa, ka jiƙa ka matse har sai ya zama idan ka damƙa ruwa ba ya ɗiga. Idan babu su, tawul mai tsabta da aka jiƙa aka matse ya fi babu. Ka guji garin katakon da ba ka san itacensa ba, domin man wasu itatuwa na cutar da numfashin maciji.

Sai zafi. Kada ka yi kintace, ka sa ma'aunin zafi a ƙasan akwatin, inda cikinta ke taɓawa. Mesa mai dunƙulewa na son ɓangaren ɗumi ya kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, ɓangaren sanyi kuma 25 zuwa 27. Macijiyar masara ta fi son ƙasa da haka kaɗan, kamar 29 a ɓangaren ɗumi. Tsokar maciji da zafin waje take aiki, macijiyar da sanyi ya kama ba ta da ƙarfin yunƙuri. Amma zafi mai yawa shi ma kisa ne, kuma ya fi sanyi saurin kisa. Mai kiwo a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, matsalarsa ta hana akwatin wuce 33 ce, ba ta ƙara ɗumi ba. A hunturu kuma sanyin asuba da bushewar iska ne abin tsoro. Danshin iskar akwatin ya kasance kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, cikin akwatin saka kuma ya fi haka.

Ka sa ruwan sha mai tsabta kusa da ita. Idan akwai wani maciji a tare da ita, ka fitar da shi. Kada ka ba ta abinci, cikin da ƙwai ya cika ba shi da wurin ɓera, kuma idan aka zo tiyata abincin matsala zai zama.

Jiƙa ta a ruwan ɗumi na taimakawa, amma a san iyakarsa. Ruwan ya kasance digiri 28 zuwa 30, a auna da ma'auni, domin abin da hannunka ya ji da ɗumi-ɗumi ya riga ya yi mata zafi. Zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta. Minti 15 zuwa 20, kana tsaye a kanta, sannan ka mayar da ita akwatin saka. Amfaninsa shi ne ta sha ruwa, jikinta ya saki, wataƙila ta yi kashi hanya ta ƙara buɗewa. Ba ya narkar da ƙwai, ba ya buɗe bututun da ya murɗe. Sau ɗaya ko biyu a yini ya wadatar.

Daga nan sai abin da ya fi wuya ga mai kiwo: ka lulluɓe akwatin da zane, ka kashe fitilar ɗakin, ka hana yara leƙe, ka fita. Macijiya ba ta saka ƙwai a inda take jin ana kallonta. Ka duba sau biyu a yini, a hankali. A cikin wannan jiran ne za ka buga wa likita waya, kada ka bari sai ya ƙare. Idan sa'a 24 ta wuce da fara sakawa kuma dunƙulen bai gusa ba, ka shirya tafiya. Kada ta kai sa'a 48 a gida.

Abubuwan da ba a yi

Wanda ya taɓa kiwon kaji ya san yadda ake yi wa kazar da ƙwai ya tsaya wa, a shafa mai, a sa yatsa, a taimaka mata. Hannu zai so ya yi wa macijiya haka, musamman idan ƙwan na nan dab da dubura kana ganin siffarsa. Ka danne zuciyarka. Bututun mahaifar maciji siriri ne ƙwarai, har ana hango ƙwai ta cikinsa, kuma idan ƙwai ya jima yakan manne da shi. Da ka tura ƙwan, bututun kake turawa tare da shi. Ko ya yage ƙwan ya faɗa cikin ciki, ko ya zazzago waje ta dubura, ko ƙwan ya fashe gwaiduwa ta malale a tsakanin kayan ciki ta jawo ruɓa. Garin neman gira a rasa ido. Likitocin da ke yin wannan turawar ma sai sun sa ta barci, tsokarta ta saki, kuma sai sun tabbatar da na'ura cewa hanya a buɗe take.

Kada ka ɗura mata mai ta baki, ko man gyaɗa ko man zaitun. Hanyar abinci daban, hanyar ƙwai daban, man ba zai isa inda ƙwan yake ba, kuma yana iya shiga huhunta. Kada ka tura tsinke ko auduga ko bakin sirinji ta dubura.

Kada ka ba ta maganin mutane. Farasitamol guba ce ga maciji. A tsibirin Guam da ke tekun Fasifik, hukumomin Amurka da shi suke kashe macizan da suka addabi tsuntsayen tsibirin, su sa miligiram 80 a cikin mataccen ɓera su jefa a daji. Ƙwayar da kake sha don ciwon kai ta ninka wannan sau da yawa.

Allurar naƙuda kuma, wato oksitosin, wadda makiyaya suka sani a kan shanu da awaki, kada wani ya ce maka a yi mata kaɗan a gani. Idan hanya a toshe take, allurar za ta sa mahaifa ta matsa a kan abin da ba zai motsa ba har ta fashe.

Idan jan nama ya riga ya fito, aikinka shi ne kada ya bushe. Ka mayar da ita kan tawul mai tsabta mai laima, ka cire duk wani ƙasa ko zare da zai manne, ka jiƙa naman da ruwa mai tsabta, kada ka tura shi ciki, ka kama hanya.

Mataki na huɗu: neman likita da kai ta

Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da maciji ba, kuma babu laifi ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa duba dabbobi masu jan ciki. Ya kamata a ce ka nemi lambarsa tun ranar da ta yi saɓa. A Amurka da Turai, ƙungiyar likitocin dabbobi masu jan ciki da ake kira ARAV na da jerin mambobinta a intanet, ana nema ta gari. A Nijeriya, wuraren da ya fi dacewa a fara tambaya su ne asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, sai kuma likitocin da ke duba gidajen namun daji.

Wajen ɗaukarta, ka sa ta a rigar filo mai tsabta, ka ƙulle bakin, ka sa a cikin roba ko kwali mai huji yadda ba za ta riƙa gungurawa ba. Idan gari da sanyi, ka naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul ka ajiye a gefe, ba a jikinta ba. Idan da zafi, kada rana ta faɗa kan akwatin, kada kuma ka bar ta a mota a rufe ko na minti biyar. Ka tafi da littafinka, da hotunan ƙwan da ta saka, da adadinsu.

Mataki na biyar: abin da za a yi a asibiti

Sanin wannan zai sa ka yi tambaya mai ma'ana, kuma ka yanke shawara da sauri idan aka ba ka zaɓi.

Likita zai fara da duba jiki da ɗaukar hoto. Ɓawon ƙwan maciji ba mai tauri ba ne, kamar fata yake, don haka a hoton ƙashi wani lokaci dishi-dishi yake fitowa. Sikanin irin wanda ake yi wa mata masu ciki ya fi nuna adadin ƙwan, da girmansu, da ko akwai ruwa a cikin ciki. Yana iya ɗibar jini don ganin kalsiyam da alamar ƙwayar cuta. Idan ta bushe, za a fara ba ta ruwa ta allura a ɗumama ta kafin komai.

Idan hoto ya nuna hanya a buɗe take, ana iya gwada kalsiyam sannan oksitosin. Ka sani cewa wannan allura ba ta cika aiki a jikin maciji kamar yadda take yi a jikin kunkuru ba. Sinadarin da jikin dabbobi masu jan ciki ke amfani da shi wajen yunƙuri wani ne daban mai suna basotosin, wanda ba a cika samunsa a asibiti ba. Oksitosin ya fi ba da sa'a a cikin kwana biyu zuwa uku na farko, bayan haka amfaninsa kaɗan ne. Ka ga dalilin da ya sa nake ta nanata sa'a 48.

Hanya ta gaba ita ce zuƙe ƙwan. Likita zai tsabtace wurin, ya soka allura ta gefen jiki tsakanin ɓawon fata, ta shiga cikin ƙwan, ya zuƙe ruwan ciki. Ƙwan ya motse, macijiyar ta iya fitar da shi da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa na bayansa su biyo. Ita ma wannan dabara tana da wa'adi, domin bayan kamar kwana biyu abin da ke cikin ƙwan yakan daskare, allura ba ta iya jan sa. Tana kuma da haɗarinta, idan gwaiduwa ta ɗiga a cikin ciki. Masu kiwo da yawa sun ga ana yi a bidiyo sun ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba aikin gida ba ne, kusa da wurin akwai ƙoda da hanji da jijiyoyin jini.

Idan ƙwan na bakin dubura, likita na iya sa ta barci ya fito da shi ta nan da kayan aiki, yana gani da idonsa.

Ta ƙarshe ita ce tiyata. Ana yanka ta gefen jiki, a buɗe bututun mahaifa, a ciro ƙwan, a ɗinke. Saboda tsawon jikin maciji, wani lokaci sai an yanka wuri biyu ko uku. Idan bututun ya lalace, za a cire shi tare da ma'ajiyar ƙwai ta wannan ɓangaren, domin idan aka bar ma'ajiyar za ta ci gaba da sakin ƙwai su faɗa cikin ciki babu inda za su bi. Idan ba kiwo don haihuwa kake yi ba, ka tambayi likita batun cire duka ɓangarorin biyu, matsalar ta ƙare gaba ɗaya. A ganina wannan ne ya fi alheri ga macijiyar da aka ajiye don sha'awa kawai. Macijiyar da aka yi wa aiki tana da sauran ƙarfi, samun sauƙinta ya fi na wadda aka kawo bayan ƙwan ya ruɓe a ciki nesa ba kusa ba.

Mataki na shida: jinya

Ka mayar da ita akwati mai tsabta, shimfiɗar takarda kawai, don ka riƙa ganin duk abin da ya fito daga jikinta kuma kada datti ya shiga ɗinki. Zafi ya tsaya daidai dare da rana, domin da shi raunin maciji ke warkewa. Idan an yi tiyata, babu jiƙawa a ruwa sai likita ya ce, a sa mata ƙaramin kwanon sha da ba za ta iya shiga ba. Fatar maciji na jinkirin haɗewa, zaren ɗinki yakan kai mako huɗu zuwa shida kafin a cire. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage raɗaɗi, a ba ta har ƙarshe yadda aka rubuta. Kowane lokaci ka taɓa ta ko akwatinta, ka wanke hannu da sabulu, macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutum.

Abinci a fara da ƙarami, ƙasa da wanda ta saba, bayan likita ya ba da izini. Mesa na iya rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinta a saka, maido shi aikin watanni ne, ba a gaggawa. Ka auna ta kowane mako biyu.

Ƙwan da ta saka da kanta kafin ta tsaya suna iya ƙyanƙyashewa idan farare ne cikakku. Kada ka juya su, ka sa alama da fensir a saman kowanne yadda ka same shi, waɗanda suka manne da juna ka bar su a haka. Na mesa mai dunƙulewa na ɗaukar kwana 55 zuwa 60 a digiri 31 zuwa 32. Waɗanda suka maƙale kuwa, kada ka sa rai da su.

Kada a maimaita

Macijiyar da ta taɓa maƙalewa ta huta aƙalla shekara guda ba a haɗa ta da namiji ba, kuma idan dalilin toshewar hanya ne, a haƙura da haihuwarta gaba ɗaya. Tabon da ke cikin bututu ba ya ɓacewa.

Ga wadda ba ta taɓa yi ba, babban kuskure shi ne haɗa ta tun ba ta isa ba. Masu kiwon mesa mai dunƙulewa sun saba jiran mace ta kai shekara uku da nauyin giram 1,500. Na macijin masara suna da ƙa'idar uku-uku: shekara uku, giram 300, tsawon ƙafa uku, wato kamar santimita 90. Amma kai nauyin ta hanyar ɗura abinci yaudarar kai ce. Macijiyar da aka cika da ɓeraye a ƙaramar roba inda ba ta iya miƙewa, kitse take tarawa, tsokar da za ta tura ƙwai kuma babu. A ba ta wuri mai faɗi da reshen hawa, a ba ta ɓera cikakke da ƙashinsa da kayan cikinsa, nan kalsiyam ɗinta yake.

Sai batun saye. A Afirka ta Yamma mesa mai dunƙulewa na saka ƙwai ne daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu, kuma a lokacin ne mafarauta ke tono mata masu ciki daga ramuka. Macen da aka ciro daga raminta, aka sa a buhu, aka yi ta yawo da ita cikin ƙishirwa da tsoro, tana cikin waɗanda suka fi riƙe ƙwai. Gara ka sayi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, ka san shekarunta da tarihinta. Idan kuwa babbar mace 'yar daji ta riga ta shigo hannunka a waɗannan watanni, ka ɗauke ta a matsayin mai ciki tun ranar farko: akwatin saka, ruwa, duhu, ma'aunin zafi, ka kuma rubuta ranar duk saɓar da ta yi.